Na sa SSD amma kwamfutata na cin minti uku kafin ta tashi, ashe setin ne

Wannan abun ya kai wata biyu yana cina a rai, shi ya sa yau da na samu sarari bayan la'asar na ce bari dai in zauna in rubuta yadda aka yi, don na tabbata ba ni kaɗai ba ne, musamman mu da muke sayen tokumbo, wato kwamfutocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje, a nan Legas.

Ina da ɗan shago a Agege, ba nisa da layin dogo, taifin nake yi da fotokwafi da firintin da cike fom a intanet, irin aikin nan da mutum zai zo a tsaye yana sauri yana duba agogo. Laftof ɗaya ce uwar aikin, tsohuwar HP ce irin ta ofis mai wajen saka faifan DVD a gefe, sai wata destof a lungu da yarona yake taifin da ita. To laftof ɗin nan ta fara nauyi sosai, kowa ka tambaya sai ya ce maka ka sa SSD kawai ka huta, kuma gaskiya suka faɗa. Tsohon had dis faifai ne da yake juyawa a ciki, na laftof yawanci juyi 5400 yake a minti, akwai ɗan hannu kamar allura da yake bin sa yana karanto bayanai, shi kuma SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, kamar babban memori ne. Na farkon da kyar yake wuce megabait 100 a sakan, na biyun irin mai SATA yana kai 500 da ɗoriya. Na tara kuɗi na shiga danfo zuwa Ikeja, na sauka ƙarƙashin gada na shiga Computer Village na sayo mai giga 256, na haɗo da kadi, wato ɗan akwatin nan da ake zare DVD a zura shi a gurbinsa don a saka faifai na biyu. Niyyata sabon ya riƙe Windows, tsohon ya zauna a matsayin ma'aji tunda duk takardun kwastomomi na shekaru suna kansa.

Ban tsaya an ɗaura min a can ba saboda yamma ta yi kuma ina tsoron gosilo, sai washegari na kai wa wani mai gyara da na saba da shi. Ya ɗaura, ya sa Windows 10 sabuwa, na biya na dawo. Kuma fa in ta riga ta tashi wallahi ba magana, Word kafin ka ɗage yatsa ya buɗe. Amma tashin! Daga danna maɓalli zuwa ganin destof sai ka yi alwala ka dawo. In an ɗauke wuta kuma batirin laftof ɗin ba ya riƙewa sosai, kafin a tada janareto ta mutu, sai a sake sabon zama. Akwai wani dattijo mai harkar shanu da yake zuwa ina buga masa takardun lodi, ranar nan yana tsaye direbansa na ta kiransa a waya, ya dubi baƙin sikirin ɗin ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan na'urar taka lafiya kuwa? Ko in dawo bayan azahar?" Na ce, "A'a Baba, yanzu za ta tashi, a yi haƙuri a zauna." Bai zauna ba, ya tsaya har ta tashi na buga masa, amma na ji nauyin abun ƙwarai, mutumin da a haife ya haife ni ina tsayar da shi a rana saboda takarda ɗaya.

Na koma wa mai gyaran, ya ce bairos ne a yi fomatin. Na ce Windows ɗin da ba ta yi sati biyu ba? Aka dai yi, ba abin da ya canza. Na sake komawa, wannan karon ya ce bod ne, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya fara gajiya, in lallaɓa ta ko in sayar in ƙara kuɗi in ɗauki wata. Ban ce ya cuce ni da gangan ba, ina ganin iya abin da ya sani kenan, amma abin da ya fi ɓata min rai shi ne ko sau ɗaya bai tsaya ya kalli sikirin ɗin lokacin da take tashi ba, yana danna ta sai ya juya ya ci gaba da wani aikin.

Abin da ya fara buɗe min ido wani abu ne ɗan ƙarami. Na lura in na tafi da ita gida da daddare ta fi saurin tashi a kan shago, ba wai ta warke ba amma da bambanci. Me ya raba gida da shago? A shago akwai kebul ɗin intanet da nake soka mata daga rauta, akwai firinta a USB, akwai kuma wani faifan waje da kullum yake maƙale. A gida ba ko ɗaya. Sai na ɗauko waya na kunna agogon ƙirga, na zauna na zuba wa sikirin ido tun daga farko ina rubutawa a bayan wani rasit. Ga abin da na gani. Tambarin kamfani ya fito ya ɗan jima, fitilar faifan waje tana ƙyaftawa. Daga nan baƙin sikirin da farin rubutu, akwai kalmar DHCP da wata 'yar sanda tana juyawa a gabanta, ta juya ta juya kusan minti guda, sai ta rubuta PXE-E53: No boot filename received, ƙasansa PXE-M0F: Exiting PXE ROM. Sai na ji tsohon faifan ya fara ƙara a gefen dama inda kadi yake. Can sai shuɗin sikirin ya fito da Windows 10 guda biyu wai in zaɓi ɗaya, in ban taɓa komai ba sai ya ƙirga sakan 30 cif sannan ya wuce. Bayan duk wannan, ainihin tashin Windows ɗin, wato ɗigo-ɗigon nan masu zagaye har zuwa wajen sa fasuwod, bai kai sakan 15 ba.

Kun gani? SSD yana aikinsa tsaf. Duk lokacin a hanya yake ƙarewa kafin ma a iso ƙofarsa.

Akwai ƙanen wani abokina ɗan Zariya da yake koyon gyara a Ikeja, yaro ne mai natsuwa, na tura masa hoton rubutun ta WhatsApp. Bai yi minti biyar ba ya kira. "Yaya, ai kwamfutarka intanet take fara tambaya ko akwai Windows a can, sai ta gaji da jira sannan ta waiwayi faifai. Kar ka sayar, Asabar zan zo." Ya zo kuwa, da sukudireba da filash a aljihu.

Bari in yi bayanin abun yadda ya fahimtar da ni, don in ka gane wannan sauran mai sauƙi ne. Kafin Windows ta farka akwai wata ƙaramar manhaja da take zaune a jikin bod ɗin kanta, ana ce mata BIOS, sabon salonta kuma UEFI. Ita ce take fara tashi ta duba ram da kibod da sauransu, sannan ta ɗauko wani jeri da aka rubuta mata na wuraren da za ta nemi abin da za ta tada kwamfuta da shi. Tana bin jerin ne ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake, in na farko bai amsa ba sai ta jira iya lokacin da aka yanka mata sannan ta matsa gaba. Kamar a aiki yaro sayen abu a ce ya fara duba Mile 12, in babu ya je Oshodi, in babu sannan ya tambayi mai shagon ƙofar gida, alhali tun farko abun yana ƙofar gida. A tawa jerin ya fara da Network, sai USB, sai faifan da ke gurbin DVD, SSD shi ne na ƙarshe.

Me ya kai Network sama? Ya ce da yawa daga cikin tokumbon nan daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, a can ma'aikatan kwamfuta suna ɗora wa na'urori da yawa Windows a lokaci guda ta hanyar kebul, wannan tsarin shi ne PXE, sai a bar setin a haka har a sayar da ita ta tsallako teku ta iso hannunmu. In ba kebul a jiki nan da nan take ganewa ta rubuta PXE-E61: Media test failure, check cable ta wuce, shi ya sa a gida take sauri. In kuma akwai kebul sai ta ɗauka da gaske akwai uwar garken da za ta ba ta amsa, ta zauna jira. Da can ban damu ba saboda komai nata a hankali yake kuma da waifai nake aiki, jan kebul ɗin ya zo kusan lokaci ɗaya da sa SSD. A sababbin kwamfutoci rubutun daban ne, za ka ga Start PXE over IPv4, amma abu ɗaya ne.

Shiga BIOS ɗin ba wuya, kana danna maɓallin kunnawa ka fara danna makullin shiga BIOS a kai a kai kafin tambari ya ɓace. A HP F10 ne, ko ka danna Esc ya kawo maka zaɓi, F9 kuma yana nuna jerin faifan don zaɓen lokaci ɗaya. A Dell F2 da F12. ThinkPad na Lenovo F1 da F12. Destof da yawa Delete ne. Muka shiga wajen Boot Options, ya cire alamar da ke kan Network boot gaba ɗaya, ya tura SSD sama, USB ya biyo baya, muka yi sebin muka fita. Ni har na fara murna.

Sai ta ƙi tashi daga SSD ɗin, ta tsallake shi ta koma kan tsohon faifai kamar da, shuɗin sikirin mai Windows biyu ya sake fitowa. Yaron bai ce komai ba, ya kashe ta ya kifa ta ya kwance sukuru ɗaya ya zaro kadin ya ajiye a kan tebur, ya sake kunnawa. Baƙin sikirin, Boot Device Not Found, ƙasa an rubuta Hard Disk (3F0). Gabana ya faɗi wallahi, na ce shi kenan takardun mutane. Ya ce, "Kwantar da hankalinka Yaya, ba abin da ya ɓata, ai abin da nake so in gani kenan."

Nan ne ainihin inda matsalar ta ɓuya, kuma ita ce na fi so mutane su sani saboda ba a cika faɗa ba. Windows kashi biyu ce a wajen tashi. Akwai gangar jikinta, babban folda ɗin nan da ke C, akwai kuma wasu ƙananan fayiloli masu tada ta waɗanda suke zama a wani ɗan yanki na faifai, su BIOS take nema. In ka sa sabuwar Windows a SSD alhali tsohon faifai mai tsohuwar Windows yana jone, mai sakawar yakan ga ai ga wajen tashi nan a tsohon, sai kawai ya ƙara sunan sabuwar a can bai gina wani a SSD ba. Sakamakon shi ne jikin Windows yana SSD amma makullin tada ta yana tsohon faifai. Kullum sai an jira tsohon ya juya ya kai gudunsa an karanto makulli sannan a tsallaka. Kuma abin tsoron ba jinkirin ba ne kaɗai, duk ranar da tsohon nan ya mutu, wanda dama don ya tsufa aka sauke shi, kwamfutar ba za ta tashi ba ko da SSD ɗinka lafiyarsa ƙalau. Da mai gyaran ya zare kadin kafin ya sa Windows, aikin minti ɗaya, da duk wannan bai faru ba. Fomatin na biyu ma da tsohon a jiki ya yi, shi ya sa ba abin da ya canza.

Ka iya duba taka ba tare da kwance komai ba. Danna dama a kan tambarin Start ka buɗe Disk Management, ka duba wane faifai ne yake ɗauke da kalmar System a jikin yankinsa, wane ne kuma yake da Boot. Sunayen suna ruɗarwa, wanda aka rubuta wa Boot shi ne inda jikin Windows yake, wanda aka rubuta wa System shi ne mai fayilolin tashi. In suna kan faifai ɗaya lafiya. In System yana tsohon, Boot yana SSD, to irin tawa ce.

Muka mayar da kadi ta tashi, kafin ya taɓa komai ya sa na kwashe duk takardu masu muhimmanci zuwa faifan waje, wannan ya ci mana fiye da awa guda kuma ban yi da-na-sanin ko minti ɗaya ba. Sannan ya buɗe Command Prompt a matsayin admin ya yi amfani da wani umarni na Windows mai suna bcdboot, aikinsa kenan ya kwafi fayilolin tashi zuwa inda ka nuna masa, ya nuna masa SSD, ya kuma sa wa yankin alamar Active tunda kwamfutar a tsohon salo take. Ba zan rubuto layin umarnin a nan ba don haruffan faifai suna bambanta daga na'ura zuwa na'ura, in ka sa Active a yankin da ba shi ba za ka wayi gari da baƙin sikirin, gara wanda ya saba ya zauna kusa da kai. Ya sake zare kadi ya kunna, ta tashi ita kaɗai daga SSD. Alhamdulillahi.

Shi kuwa zaɓen Windows biyun nan mai cin sakan 30, wannan kowa zai iya. Danna makullin Windows da R, rubuta msconfig, shiga shafin Boot, za ka ga jerin da kuma akwatin Timeout an rubuta 30. In da gaske Windows biyu kake amfani da su ka rage zuwa 3 ko 5, in kuma ɗayan gawa ce kawai ka tabbatar wanda kake ciki shi ne aka rubuta wa Current OS, ka goge ɗayan. A tawa da aka gina sabon wajen tashi guda ɗaya ce ta rage, ba ma sai an goge ba.

Daga baya ya duba msinfo32, layin BIOS Mode ya nuna Legacy, wato tsohon salo. Ya ce tunda na'urar tana iya UEFI gara a mayar da ita, sai dai ba a juya wannan setin haka kawai, domin Legacy da tsarin faifai na MBR yake tafiya, UEFI kuma da GPT, in ka juya ɗaya ka bar ɗaya ba za ta ga Windows ba. Akwai mbr2gpt da yake cikin Windows 10 tun fitowar samfurinta mai lamba 1703, yana juya faifan ba tare da goge komai ba, da shi ya yi, ya fara da gwaji ya ga ya wuce sannan ya juya, muka shiga BIOS muka canza. Yanzu a jerin abin da ke sama sunansa Windows Boot Manager, in taka UEFI ce wannan sunan za ka nema ka sa a farko, ba sunan faifan ba. Wannan ya ƙara rage 'yan sakanni, ba wani da yawa ba, in kana tsoro ka bar shi ba dole ba ne. Amfaninsa na gaba dai shi ne Windows 11 sai da UEFI da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro na kwamfuta, kuma Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, duk da ni tawa firosesarta ta girmi abin da suke karɓa.

Abu biyu ya ja min kunne a kai kuma nima ina ja wa duk mai karantawa. Na farko setin SATA, za ka ga AHCI ko IDE ko RAID. SSD ya fi son AHCI, tawa dama a kai take, amma in taka ba a kai take ba kar ka juya kai tsaye, Windows za ta buga shuɗin sikirin mai INACCESSIBLE BOOT DEVICE, sai an fara sa ta ta tashi a Safe Mode sannan a juya. Na biyu BitLocker. In faifanka a kulle yake da shi, taɓa setin tashi yana iya sa ta nemi lambar ceto mai lamba 48, wadda yawanci tana cikin akawun ɗinka na Microsoft, in ba ka da ita a hannu kar ka fara. Kuma kafin ka canza komai a BIOS ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, shi ma haka ya yi duk da ya san aikin.

Tunda ya zo sai na ce ya duba destof ɗin yarona ma, ita kullum da safe sai ta tsaya tana jiran a danna F1 kuma agogonta yana komawa shekarun baya, har burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka. Wannan batir ne kawai, ɗan zagayayyen nan kamar kwabo da ke kan bod, CR2032 mai bolt 3, shi yake riƙe agogo da setin BIOS in an cire wuta. In ya mutu duk jerin da ka gyara sai ya koma yadda ya fito daga kamfani, ka gyara yau gobe ya warware, musamman irin namu da ake kashe soket kowane dare. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Yarona ya je bakin titi ya sayo, aka ɓalle tsohon da farce aka danna sabon.

Ba kowane jinkiri ne na setin faifai ba, kar wani ya ce na ce. In taka tana wuce tambari da sauri amma sai bayan ka sa fasuwod take daskarewa, wannan manhajojin da suke tashi tare da Windows ne, Ctrl da Shift da Esc za su buɗe maka Task Manager ka shiga Startup ka kashe waɗanda ba ka buƙata. A wannan shafin ma, a yawancin masu UEFI, akwai Last BIOS time a sama ta dama, yana gaya maka sakan nawa aka ci kafin a miƙa wa Windows ragama. In ka ga lamba babba a nan to ka san ba fomatin ne maganinka ba.

Da muka gama na sake ɗauko rasit ɗin nan na kunna agogon waya, kebul a jiki, firinta a jiki, faifan waje a jiki, komai yadda yake a ranar aiki. Sakan 19 zuwa wajen fasuwod. Na kashe na sake har sau uku don in tabbatar. Na ba yaron kuɗi ya ƙi karɓa wai ai ni yayansa ne, da kyar na tura masa na mota a aljihu, muka je muka ci tuwo a wajen wata 'yar Sakkwato da ke bayan masallaci kafin ya kama hanyar Ikeja. Tsohon faifan ban mayar da shi cikin kadi ba, na saya masa ɗan akwatin USB, yana cikin durowa, sai in ina neman tsohuwar takarda nake jona shi.